Shekarar da Rama ta Zama Wiwi

Ku ajiye cokulan nan, kwaɗon rama da hannu ake cinsa. Ɗazu ina daga kicin na ji ɗayanku yana faɗa da Turanci wai in ya gama makaranta bai samu aiki ba, zai sayi inji ya shiga yankan ciyawa irin tawa, ni Baba Ɗanjuma, tunda abin tura inji ne kawai. Madalla, Allah ya ba da sa'a. Amma kafin ka sayi injin, zauna ka ji abin da tura injin ya ja mini.

Karatu ne ya kawo ni garin nan na Greensboro a Amurka, kuma karatun ya sauke ni a rabin hanya. Wanda ya tsince ni wani tsoho ne baƙar fata, Mista Otis, mai wata a-kori-kura da ba ta tashi sai an lallashe ta. Aikina na farko da shi wani gida ne a Irving Park, unguwar masu kuɗi. Ya nuna mini gaban gidan ya ce in gyara, shi ya zagaya baya. Ni kuwa ɗan ƙauye ne daga wajen Malumfashi, inda ciyawa a ƙofar gida abin kunya ce kuma mafakar maciji. Na ɗauko fartanya na duƙufa. Kafin ya dawo na kankare fili kamar faɗin tabarma uku, na share shi tas, jar ƙasa sai sheƙi take, ina tsaye ina jiran yabo. Mista Otis ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji kamar ya zo gaisuwar mutuwa. Ya ce, “Ɗana, a nan ciyawar ita ce amfanin gonar.” Ranar muka sayo ciyawa a naɗe kamar darduma muka shimfiɗa, kuma ranar na fara shakkar hankalin ƙasar nan.

Wajensa na koyi komai. Wuƙar inji in ba a wasa ta ba yagar ciyawa take yi, bayan kwana biyu bakin ya yi ruwan ƙasa, matar gida ta kira ka. Ba a aske ciyawa ƙwal a tsakiyar zafi, sai ta ƙone. Almakashin shinge daban, na fure daban, in ka haɗa su Mista Otis ba zai yi maka magana ba har a tashi. Manjagara, shebur, baro, mesar ban ruwa, kowanne yana da wurin zamansa a mota. Ya koya mini in san karen gida kafin in san maigidan. Ya ce miji ne ke biya, amma mata ce ke kora. Babbar dokarsa kuwa, wadda ya fi maimaitawa, ita ce: lambun mutum, maganar mutum. Ko ya ce ka shuka fure a kife, ka shuka, ka ba shi ruwa.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya bar mini gidajen da yake yi wa aiki, ciki har da na Dakta Wendel, likitan haƙori da ya yi ritaya, da matarsa Madam Pegi. Madam ce ke da lambun. Dakta shi ke da kujerar da ke fuskantar lambun.

To ga inda rama ta shigo. Akwai Hajiya Delu, 'yar garinmu, da ta zo wankan jegon matar ɗanta ta zauna ke nan. Da za ta taho, kakata ta yage bakin tsohon zanenta ta ƙulle irin rama na gonarta a ciki, ta ce a kawo mini, tunda ta ji ƙasar da nake ba su da ganyen kirki. Kafin shekara ta zagayo Kaka ta rasu. Wannan ƙullin shi ne abin da ya rage mini nata. Kowace shekara in shuka a bayan gidan da nake haya a unguwar Glenwood, mu ci, Hausawan garin nan su zo su ɗiba, in bar wasu su yi ƙwanso in tara irin baɗi. Kuma ku sani, rama a ƙasar nan tsere take yi da sanyi. Ba ta fure sai yini ya fara gajarcewa, sannan ƙwanson ya bushe kafin raɓar ƙanƙara ta sauka. Shekara ɗaya ka rasa iri, shi ke nan, ka rasa shi har abada.

Muguwar shekarar tana tsakiyar shekarun casa'in. Na shuka da wuri, sanyi ya juyo ya kashe tsiron. Ina shirin sake shukawa sai mai gidan hayarmu ya kawo tifa ta juye tsakuwa a bayan gidan, wai ɗalibai na neman wurin ajiye mota. Na tsaya da ragowar iri a tafin hannu, ba ni da ko taku ɗaya na ƙasa a duk faɗin Amurka. Sai na tuna wani lungu a bayan garejin Dakta, mai samun rana, ba mai leƙa shi. Na roƙi Madam, na ce wani fure ne na ƙasarmu mai kama da na kuɓewa. Ta ce, kai, abin sha'awa, shuka. Na zuba duk abin da ya rage, ko ƙwaya ban ajiye ba.

Ta fito kuwa, ta yi kyau har ta fi ni tsawo. Ku dubi ganyen rama da kyau in ta girma, yatsu-yatsu ne, bakinsa kamar zarto. Ni da na tashi ina cinta ban taɓa ganin komai a jikinta ba sai miya. Wata safiya na zagayo da mesa sai na tarar da Dakta tsaye a lungun da rigar barci, kofin shayi a hannu, hawaye na bin kumatunsa.

Na ce, “Dakta, lafiya?”

Ya ce, “Ɗanjuma, a ina ka samo ta?”

Na ce, “Daga gida, wajen kakata.”

Ya ce, “Arewacin Najeriya?”

Na ce e. Sai ya zauna daɓas a kan baro. Ashe yana saurayi ya taɓa yawo a ƙasarmu, wani direban babbar mota ya ɗauke shi a hanyar Zariya ya miƙa masa wani naɗi ya zuƙa. Tun daga ranar, in ji shi, bai ƙara jin irinta ba. Ya gwada ta Meksiko, ya gwada ta Tailan, duk shirme. Ta zamani kuwa wai kamar a kwaɗa maka guduma ce, amma waccan kamar hira da dattijo. Shi da abokansa har suna suka sa mata, Zinaren Kano, kuma sun yi ittifaƙi irinta ya ƙare a duniya. Sai ga shi a bayan garejinsa.

Innalillahi! Sai a lokacin na gane wiwi yake nufi. Na ce, “Dakta, wannan rama ce. Ganye ne, dafawa ake yi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Kakata har ta koma ga Allah ko goro ba ta ci.” Ya kashe mini ido ɗaya ya ce, “Daidai. Haka za ka riƙa faɗa.”

Ban ɗauki abin da zafi ba sai da na dawo mako na gaba na tarar an tsinke kawunan ramar, daidai inda fure zai fito. In babu fure babu ƙwanso, in babu ƙwanso babu iri. Na leƙa gareji sai ga kawunan a jere a kan igiya ana shanya, ga tsofaffi uku a kujerun roba sun tasa su a gaba. Dakta ya tara masana. Akwai Mista Hank, tsohon lauya mai gilashin ƙara girman abu a aljihu, da wani mai furfurar gemu da suke kira Farfesa, ko da yake taya ya sayar duk rayuwarsa.

Suka naɗa suka kunna a gabana. Ramar kakata, jama'a! Suka yi ta tari har idanunsu suka kaɗa, sannan kowa ya shiga sauraren cikinsa.

Mista Hank ya ce, “Ni fa ban ji komai ba.”

Dakta ya ce, “Haka na ce a hanyar Zariya. A hankali take zuwa.”

Farfesa ya ce shi dai ya fara jin yunwa, kuma wannan alama ce babba. Ƙarfe ɗaya na rana ne fa, kowa yunwa yake ji, har da ni.

Mista Hank ya ɗauki ganye ya sa a gilashinsa, ya juya, ya shinshina. Ya ce babu ƙamshi. Dakta ya ce ai tsofaffin iri ba sa fallasa kansu, ƙamshi na 'yan zamani ne. Mista Hank ya ce ga ƙaya a jikin karan. Farfesa ya ce don ta kare kanta daga raƙuma ne. Daga ƙarshe Mista Hank ya ninke gilashinsa ya yanke hukunci: wannan ba asali ba ce, wani gurɓataccen iri ne da aka haɗa a hanya, wataƙila ma a kanti aka saye shi aka yi wa Dakta wayo.

Wallahi ban san lokacin da na jefar da mesa ba. Na ce, “Kanti? Wa ya gaya maka? Wannan daga gonar kakata ta fito, ita ma wajen uwarta ta gada, a bakin zanenta aka ƙullo mini! Babu irin da ya taɓa haɗuwa da ita!” Ina rufe baki na ga abin da na yi. Dakta ya miƙe ya rungume ni. Farfesa ya cire hula. Mista Hank ya nemi gafara, ya ce shaida daga bakin magaji ta wuce gilashi.

Daga nan aikin ya koma gadi. Ina yanka ciyawa ido ɗaya na kan lungu. Na zauna da Dakta na yi masa bayani kamar yaro, na ce ko ma mece ce, in kun cinye kawunan baɗi babu. Wannan ya shige shi. Muka raba: na ɗaura tsumma a jikin wasu, waɗannan na iri ne, ba mai taɓawa, sauran su yi ta tarinsu. Fure ya fito fari tas da jan ciki, Farfesa ya ce bai taɓa ganin wiwi mai irin wannan fure ba, wanda ya nuna tsufanta ya wuce yadda suke zato. Ƙwanso ya fara. Na ƙasa-ƙasa su ke fara bushewa, amma duk lokacin da na zo sai in tarar babu su. Na yi ta tsine wa kurege. Na ce ba komai, na sama suna nan da yawa, mako biyu kawai nake nema.

Ban samu mako biyun ba. Madam Pegi ta gayyato matan ƙungiyarsu ta masu lambu, ta zagaya da su su ga furen Afirka. Wata daga ciki ta tsaya ta ce ita dai ta taɓa ganin irin ganyen nan, a ƙarƙashin katifar ɗanta. Da suka watse Madam ta tambayi mijinta. Da mai hankali ne sai ya ce ganyen miya ne. Shi kuwa ya gyara zama ya gaya mata cewa a bayan garejinta akwai abin da ya rage na ƙarshe a doron ƙasa.

Na iso na tarar da ita tsaye da safar hannu, fuska a murtuke. Na rantse, na maimaita. Na tsinki ganye na tauna a gabanta na haɗiye, na miƙa mata wani. Ta ja da baya ta ce wannan ya ƙara tabbatar mata. Na ce a kira duk wanda ya san tsiro ya duba. Ta ce wato in tara mata mutane su ji. Na ce to ta ba ni kwanaki kaɗan ƙwanson ya bushe in kwashe in tafi, ba za ta ƙara ganina da ita ba. Na nuna mata su, kore shar, in an ɓare farin iri ne mai ruwa, ba ya tsira. Ta ce, “Yau, Ɗanjuma. Yanzu. Kuma kai za ka sare.”

Lambun mutum, maganar mutum. Na koma mota na ɗauko adda. Ku da kuke cewa tura inji ne, ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba, kuma raina ya ɓaci irin ɓacin da ban iya ɓoyewa. Na sare su ɗaya bayan ɗaya, har da masu tsumma. Ta hana a sa a shara kada masu kwasa su gani, ta hana in ɗora a mota kada a tare ni a ce daga gidanta na fito. Ta ce a ƙone a murhun gashin namansu. Ɗanyar rama kuwa ba ta ci da wuta sai hayaƙi, ya turnuƙe unguwar masu kuɗi har kare na atishawa. Ina ɗaga kai sai ga tsofaffin nan uku sun yi sahu a inda iska ke kaɗawa, hannuwa a baya, idanu a rufe, suna shaƙa. Farfesa yana kuka. Ni ma idona ya kawo ruwa, sai dai kowa da abin da yake yi wa.

Madam ba ta kore ni ba, ta ce ta san mijinta ne ya lalata ni. Na ci gaba da zuwa ina kwashe busasshen ganye. Mutanenmu suna tambaya ina ramar bana, in ce sanyi ne. Hajiya Delu kuwa na daina bi ta layinsu, don ban san da bakin da zan gaya mata ba.

Ana tsakiyar sanyi sai ga motar Dakta a ƙofar gidana a Glenwood, da rana tsaka, ya sa baƙin gilashi da hular da ta rufe kunne. Ya ce in shiga kada in yi tambaya. Sai banki. Aka kai mu wani ɗaki na ciki inda masu hali ke ajiye gwal da takardun gida, aka jawo masa akwatinsa. Ya ture sarƙoƙin Madam gefe ya ɗauko 'yar robar nan baƙa ta fim ɗin kyamara. Ya buɗe a tafin hannuna. Irin rama ne, baƙi, busasshe, cikakke. Ashe kuregen da nake tsine wa yana da lasisin cire haƙori.

Na kai hannu zan rufe, ya riƙe wuyan hannuna. Ya ce, “Ba kowa a nan sai ni da kai. Sau ɗaya tak, ka faɗa mini gaskiya, in ba ka.”

Na dubi irin, na dubi tsohon. Da kalma ɗaya zan karɓa. Na ce, “Dakta, rama ce. Miya ake yi da ita.”

Ya ƙura mini ido. Ya ce, “An ƙone ta a gabanka ba ka faɗa ba. Ga ta a hannunka ba ka faɗa ba. Irinku ne suka sa ta kai yau.” Ya ɗebi 'yan ƙwayoyi ya mayar akwati, ya danƙa mini sauran, ya ce in riƙe amana.

Da bazara na shuka a bayan gidan Mista Otis, can bayan gari, inda maƙwabcinsa ɗaya ne kuma ba ya gani sosai. Ta yi kyau, ta yi iri har na cika kwalba. Kwaɗon farko na sa aka yi shi da ƙuli mai yawa na ɗauka da kaina na kai wa Hajiya Delu, na zauna na kwashe labarin nan duka na gaya mata. Ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Da ta nutsu sai ta shiga juya kwaɗon da yatsa.

Ta ce, “Ɗanjuma, da na san za ka sha wannan wahala da na gaya maka tuntuni. Ƙullin kakarka bai shigo ƙasar nan ba. Masu binciken kaya a filin jirgi suka kwance, suka juye irin a kwandon shara, suka miƙo mini tsumman. Kunya ta hana ni zuwa maka hannu rabbana. Na sa ɗana ya kai ni kantin Indiyawa da ke High Point Road, su ma suna cinta, na saya na ƙulle a tsumman. Har yanzu suna sayarwa, kusa da inda suke ajiye barkono.”

Na ce, “A'a, Hajiya. Na san tsamin ramar Kaka.”

Ta ce, “Ɗan nan, ni na saya da hannuna.”

Na ce, “Hajiya, tafiyar ta daɗe, abubuwa sukan cakuɗe wa mutum.”

Ta dube ni kamar yadda na riƙa duban Dakta, ta ce to, Allah ya kyauta, ta ci gaba da cin kwaɗonta.

Kantin yana nan inda yake. Kusan kullum nakan wuce ta gabansa da inji a bayan mota, ban taɓa shiga ba, kuma ba ni da abin saya a ciki. Wannan da ke gabanku jikar waccan ce ta akwatin banki, daga gonar Kaka ta fito. Ku sa hannu ku ci. Kai mai shirin sayen inji, na ga ka yatsina fuska wai ba ka ji wani bambanci ba. Ƙara loma. A hankali take zuwa.